Laifin Allura Ne Ko Na Gado? Tarihin Shanyewar Gaɓa Bayan Tiyata

Ka taɓa zama a tabarma ka tanƙwashe ƙafa ana hira, da ka miƙe za ka tafi sai ƙafar ta ƙi ɗaukarka? Ta sage, kana jin kamar tururuwa na yawo a cikinta, ka ɗan ɗingisa, bayan minti biyu ko uku ta dawo daidai. Abin da ya faru shi ne ka danne wata jijiya da ke zagaye ƙashin gefen gwiwa ta waje. Jijiyar saƙo ce, irin wadda ke ɗaukar umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka, ta kuma komo da labarin zafi da sanyi da taɓi. Duk inda ka ga mun ce jijiya a wannan rubutu ita muke nufi, ban da ta jini.

To, akwai mutanen da in hakan ta same su, sai su yi makonni ko watanni suna jan ƙafa. Da raunin jijiyar aka haife su, gado ne. Yanzu ɗauki irin wannan mutum ka kwantar da shi a gadon tiyata, a sa shi barci na awa uku. Ba zai juya ba, ba kuma zai ce "likita, hannuna ya gaji" ba. In ya farka hannu ya ƙi ɗagawa, wa za a kama?

Likitoci sun fi shekara ɗari suna bin sawun wannan tambaya. Sun zargi magani, sun zargi kwanciya, sun zargi allura, har kotu aka je. Sai can baya aka waiwayi jijiyar da majinyacin ya shigo da ita daga gida.

Da farko an zargi magani

Ranar 16 ga Oktoba, 1846, a babban asibitin Massachusetts da ke birnin Boston na Amurka, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa majinyaci tururin sinadarin eta, likitan tiyata John Collins Warren ya cire masa ƙari a wuya ba tare da ihu ba. A 1847 James Young Simpson ya shigo da kulorofom a birnin Edinbara na Sikotilan. Kafin wannan lokaci, gwanin likita shi ne mai saurin hannu: ƙarti su danne mutum, a yanke ƙafa cikin 'yan mintoci. Da aka samu maganin barci sai gaggawa ta ƙare. Aiki ya fara kai awa guda, har awa biyu.

Sai wata sabuwar matsala ta kunno kai. An yi wa mutum aiki a ciki, ya farka lafiya, amma hannu ya shanye. Ina ruwan hannu da ciki? Zargi na farko ya faɗa kan maganin, aka ce guba ce ke cin jijiya. Ba a zargi kulorofom a banza ba, domin tun a 1848 ya kashe wata yarinya 'yar shekara 15 a arewacin Ingila.

A 1894 wani likitan tiyata a Biyana, Konrad Büdinger, ya kalli abin ta wata fuska. Ya lura shanyewar tana bin yadda aka ajiye hannun lokacin aiki, musamman in an ja shi sama an miƙar da shi wajen kai. Akwai wani dami na jijiyoyi da ke fitowa daga wuya, ya ratsa ta hammata ya sauka hannu. In an ja wannan dami kamar igiyar guga, mai ido biyu zai ji zafi ya janye. Mai barci kuwa tsokarsa ta saki, babu mai kare shi. Darasin Büdinger yana nan har gobe: a ɗakin tiyata ba a buɗe hannun majinyaci ya wuce daidai kafaɗa.

Amma akwai abin da wannan bayani bai warware ba. Ana kwantar da ɗaruruwan mutane kwanciya iri ɗaya su tashi garau, mutum ɗaya ya tashi da matsala. Me ya bambanta shi da sauran?

Faris da Kambirij, 1886

Wani ɓangare na amsar yana rubuce tun kafin Büdinger, sai dai a wani fagen daban. A 1886, Jean-Martin Charcot, wanda ake furta sunansa Sharko, babban likitan jijiyoyi na asibitin Salpêtrière da ke Faris, shi da almajirinsa Pierre Marie, suka bayyana mutum biyar masu wata irin cuta. Tana farawa tun ana yara ko samari. Tsokar ƙwauri ta riƙa zubewa a hankali, ƙafa ta sirance daga gwiwa zuwa ƙasa, tafin ƙafa ya yi doro, yatsu su tanƙware. Mai ita yakan ɗaga gwiwa sama sosai in yana tafiya don kada yatsunsa su ja ƙasa. Bayan shekaru sai ta hau hannaye. Kuma tana bin dangi.

A wannan shekarar dai wani matashin likita Baingile, Howard Henry Tooth, ya bayyana cutar a kundin digirinsa na jami'ar Kambirij. Su Sharko sun fi karkata ga cewa matsalar a laka take. Tooth ya ce a jijiyoyin gaɓɓai take, kuma shi ne ya yi daidai. An haɗa sunayen mutum ukun aka raɗa wa cutar, yau ana taƙaita ta da CMT. Wani bincike da aka yi a yammacin Norwe a 1974 ya ba da adadin da ake yawan ambato: kusan mutum 1 cikin 2,500. A cikin cututtukan jijiya na gado babu wadda ta kai ta yawa.

Don ka gane abin da ke lalacewa, duba wayar lantarki: ga tagulla a ciki, ga roba a waje. Jijiya ma haka take. Akwai zaren da ke ɗauke da saƙo, akwai kuma riga mai kitse da ke naɗe da shi, ana kiranta mayalin. Lafiyayyar jijiyar hannu tana tura saƙo da gudun da ya wuce mita 50 a daƙiƙa ɗaya. A 1968 Peter Dyck da Edward Lambert na asibitin Mayo a Amurka suka auna wannan gudu a iyalai masu CMT, suka ga kashi biyu ne. A wasu rigar ce ta lalace, gudun ya faɗi warwas, sau da yawa ƙasa da rabi. A wasu kuma rigar na nan, zaren ne ke mutuwa.

Tsawon shekaru likitocin jijiya na nasu karatun, likitocin barci na nasu, ba a cika haɗuwa ba.

Allurar baya da shari'ar da ta tsorata Ingila

Ana cikin haka sai aka gano ba dole ne a sa mutum barci gaba ɗaya ba. A 1884 Carl Koller a Biyana ya nuna cewa ɗigon koken na kashe zafi a ido. A watan Agustan 1898, August Bier a birnin Kiel na Jamus ya zuba koken cikin ruwan da ke kewaye da laka, rabin jiki na ƙasa ya mutu na ɗan lokaci, aka yi aiki majinyaci na kallo. Bier da mataimakinsa August Hildebrandt har a kansu suka gwada. Da allurar ta kama Hildebrandt, Bier ya buga masa guduma a ƙwauri, ya ɗana masa wutar taba, bai ji komai ba. Washegari su biyun suka tashi da azababben ciwon kai, Bier ya yi kwana 9 a kwance. Wannan ita ce kakar allurar bayan da ake yi wa mata yau in za a ciro jariri ta tiyata.

Ranar 13 ga Oktoba, 1947, a wani asibiti da ke Chesterfield a Ingila, aka yi wa wasu leburori biyu, Albert Woolley da Cecil Roe, allurar baya don ƙananan ayyuka. Rana ɗaya, likita ɗaya, magani ɗaya. Dukansu suka shanye daga ƙugu zuwa ƙasa, shanyewa ta har abada. Suka kai ƙara. Kotu ta karɓi bayanin cewa 'yan kwalaben maganin, waɗanda ake jiƙawa cikin sinadarin fenol don kashe ƙwayoyin cuta, suna da tsaga da ido ba ya gani, fenol ya shiga ciki. Aka ce likita bai yi sakaci ba, tunda a 1947 ba a san da wannan haɗari ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 1954, mutanen biyu suka tashi a tutar babu. Sai a 1990 wani likitan barci, Christopher Hutter, ya sake tono takardun ya kawo bayanin da ya fi gamsar da masana: ragowar ruwan asid da aka wanke tukunyar dafa allurai da shi ne ya gurɓata kayan aikin.

Wannan lamari ba shi da alaƙa da gado. Mun kawo shi ne don ka ga inda tsoro ya samo asali. Bayan shari'ar, likitocin Ingila suka yi baya-baya da allurar baya na shekaru masu yawa. A Amurka, Robert Dripps da Leroy Vandam na Filadelfiya suka bi sawun allurar baya 10,098, suka wallafa a 1954 cewa mummunar illa ga jijiya abu ne mai wuyar samu. Amma a 1956 su ɗin dai suka fitar da wani rahoto kan mutanen da dama suna da ciwon jijiya, wanda ya tsananta bayan allurar. Daga nan wata ƙa'ida ta kafu a bakin malamai: mai ciwon jijiya, kada allura ta kusanci jijiyarsa. An daɗe ana bin wannan ƙa'ida, rabi don kare majinyaci, rabi don gudun kotu.

Masu tonon dankali na Holan

Ka riƙe shekarar nan ta 1947, domin a cikinta wani abu ya faru a Holan wanda ba a yi ta yayatawa ba. Wani likitan jijiya, J. G. Y. de Jong, ya wallafa labarin wani dangi da harshen Holanci. Mutanen gidan, tun daga kakanni har jikoki, in suka durƙusa suka wuni suna tonon dankalin turawa, sai ƙafa ta saki, ba sa iya ɗaga tafinta. Ta yi makonni kafin ta warware, wata shekarar ta sake dawowa. Maƙwabtansu na yin aikin nan ba abin da ke samunsu.

Jijiyar da ke shanyewa ita ce dai waccan ta gefen gwiwa da muka fara da ita. De Jong ya gane cewa durƙuson tsokana ce kawai, raunin a jinin gidan yake. A 1964 wasu likitoci a Landan suka auna gudun saƙo a irin waɗannan iyalai, suka tarar ya ragu har a jikin 'yan uwan da ba su taɓa kukan komai ba. A 1975 Ricardo Madrid da Walter Bradley suka duba jijiyar a madubin likita, suka ga rigar mayalin ta kumbura wuri-wuri, ta sirance wuri-wuri, kamar igiyar da aka yi wa ƙulli-ƙulli. Suka raɗa wa kumburin suna daga kalmar Latin ta naman da ake ɗurawa cikin hanji.

Yau ana kiran cutar HNPP, wato raunin jijiya na gado mai sa gaɓa ta shanye in an danne ta. Ga inda gizo ke saƙa: mai CMT sau da yawa ana ganinsa a tafiya, amma mai HNPP yakan zo asibiti garau, ƙafa daidai, hannu daidai. Shi kansa bai san yana da ita ba. Abin da zai iya tunawa bai wuce ya taɓa barci a kan hannunsa ya yi wata guda bai iya riƙe cokali sosai ba, ko ya taɓa ɗaukar jaka mai nauyi a kafaɗa hannu ya mutu. A kudu maso yammacin Finlan an ƙidaya mutum 16 cikin 100,000 a 1997, kuma masana na ganin adadin gaskiya ya fi wanda ake ganowa. A wurin wasu, gadon tiyata ko ɗakin haihuwa ne wurin da cutar ke fara bayyana kanta.

Duka biyu a wuri ɗaya

A 1973 wasu likitoci biyu a Kanada, Adrian Upton da Alan McComas, suka kawo tunanin da ya haɗa waɗannan labarai. Sun duba mutum 115 da jijiya ta matse musu a wuyan hannu ko a gwiwar hannu, suka tarar 81 daga cikinsu suna da wata matsalar a tushen jijiyar, can a wuya. Suka ce jijiyar da ta sha duka sau ɗaya tana iya daurewa ba a ji komai ba, amma duka na biyu, ko da ƙarami ne, sai ya kayar da ita. Kamar katangar da damina ta jiƙa gindinta, ɗan akuya ma ya jingina sai ta zube. Har yau masana na jayayya kan iyakar gaskiyar wannan tunani, amma ya ba likitocin barci hanyar kallon mai ciwon gado: dukan farko tun daga ciki ya zo da shi, tiyata ce ke iya zama na biyu.

Alƙaluma sun biyo baya. A 1987 wani bincike a Amurka ya bi mutanen da jijiyar gwiwar hannu ta shanye musu bayan tiyata, wato jijiyar nan da in ka buge ta kake jin kamar lantarki ya ja ka har ƙaramin yatsa. Da aka auna ɗaya hannun, wanda ba ya ciwo, sai aka ga shi ma gudun saƙonsa ba daidai yake ba. Ke nan da rauninsu suka shigo. A 1994 Mark Warner da abokan aikinsa a Mayo suka duba bayanan majinyata fiye da miliyan ɗaya daga 1957 zuwa 1991. Sun samu 414 da wannan jijiya ta daɗe a shanye, wato kusan 1 cikin 2,700. Kashi 70 cikin ɗari maza ne, kuma da yawansu sai bayan kwana guda ko fiye alamun suka fito. Wannan ya nuna gadon jinya ma, inda mutum ke kwance rigingine yana dogara da gwiwar hannu, yana da nasa kason.

A 1999 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta tattara ƙararraki 4,183 da aka shigar kan mambobinta. Guda 670 kan raunin jijiya ne, kuma jijiyar gwiwar hannu ce kan gaba. A da dama daga cikinsu an sa matashi, an kwantar da mutum yadda littafi ya ce, duk da haka abin ya faru. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Kwafi uku, kwafi ɗaya

A 1991 aka kama bakin zaren. Tawagar James Lupski a Houston ta Amurka da tawagar Christine Van Broeckhoven a Antwerp ta Beljiyam, kowacce da nata binciken, suka gano cewa a nau'in CMT mafi yawa, wani yanki na kuromozom na 17 ya maimaita kansa. Cikin wannan yanki akwai ƙwayar gado mai suna PMP22, wadda ke ba da umarnin ƙera wani furotin na rigar mayalin. Kowannenmu na da kwafi biyu na wannan ƙwaya, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai wannan nau'i na CMT yana da uku.

A 1993 Phillip Chance da abokansa suka duba iyalai masu HNPP, sai suka tarar da akasin haka: yankin nan dai ne, amma ya ɓace daga kuromozom ɗaya. Kwafi ɗaya ya rage. Ka ga abin mamaki: ƙwayar gado ɗaya, in ta yi yawa cuta, in ta yi kaɗan wata cutar daban. Kamar gishiri a miya. A 2012 aka gwada zuriyar dangin nan na masu tonon dankali, aka tabbatar kwafi ɗaya gare su. De Jong ya yi gaskiya, shekara 65 kafin a iya nunawa.

A waɗannan nau'o'i biyu, in uwa ko uba na da cutar, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gadonta, mace ko namiji. Akwai kuma nau'o'in da sai an gaji gurɓatacciyar ƙwayar daga iyaye biyun, kuma su sun fi fitowa a inda auren zumunci ya yi yawa. Ɗaya daga cikinsu a iyalan Tunisiya aka fara gano mazauninsa a 1993. Shi kansa Lupski yana da CMT, ya sha tiyatar ƙafa tun yana saurayi, kuma tasa ba mai kwafi ukun da ya gano ba ce. Sai a 2010, da aka karanta kundin gadonsa baki ɗaya, aka gano tasa a wata ƙwaya mai suna SH3TC2, wadda ya gada daga ɓangarorin biyu.

Inda aka kwana a ɗakin tiyata

Tsohuwar ƙa'idar nan ta "kada allura ta kusance shi" ta sassauta. A 2006 James Hebl da abokansa a Mayo suka duba mutum 567 masu ciwon jijiyar gaɓɓai, da yawansu masu ciwon suga, waɗanda aka yi wa allurar baya. Mutum 2 ne suka samu sabuwar matsala. Wannan ya fi abin da ake gani a sauran jama'a, amma bai kai yadda ake tsoro ba. Kan masu ciwon gado kuwa, abin da aka wallafa yawanci rahotannin mutum ɗaya ne ko ƙananan rukunai, kuma akasarinsu sun ƙare lafiya. Shi ya sa ake auna kowane majinyaci da ma'auninsa. Barcin gaba ɗaya ma ai yana da nasa haɗarin, musamman ga mai juna biyu, ko ga mai CMT ɗin da ta raunana masa tsokar numfashi.

Akwai wani maganin sakin tsoka, suksametoniyom, da ake taka-tsantsan da shi. A jikin mai lafiya yana ɗan ɗaga sinadarin fotasiyom a jini. Amma tsokar da jijiyarta ta mutu tana iya amayar da fotasiyom mai yawa, har zuciya ta tsaya. A 1992 Joseph Antognini ya tattara bayanan mutum 86 masu CMT da aka yi wa tiyata, da dama an ba su wannan magani ba abin da ya faru. Duk da haka likitoci da yawa na kauce masa, musamman in raunin na ƙaruwa, tunda akwai wasu magungunan, ana kuma iya auna ƙarfin tsoka da 'yar na'ura kafin a cire bututun numfashi.

In za a kashe gaɓa ɗaya da allura, yanzu ana duba jijiyar da na'urar sikanin don kada tsinin allura ya shige ta, a rage ƙarfin maganin da yawansa. Ga mai HNPP kuwa, babban aikin na matashi ne da lura: a tallafe gwiwar hannu da gefen gwiwa, a rage lokacin ɗaurin da ake yi wa cinya ko damtse don tsayar da jini, a riƙa sauya wa mai naƙuda kwanciya, kada ta daɗe a tsugune ko ƙafafunta a rataye. Kuma kafin a taɓa mutum, a gwada ƙarfin gaɓɓansa a rubuta. In ba a rubuta yadda ya shigo ba, ba mai iya cewa ga abin da tiyata ta ƙara.

In abin ya faru fa? In rigar ce kawai ta ƙuje, yawanci gaɓar na dawowa cikin makonni zuwa 'yan watanni. In zaren ne ya tsinke, sai ya sake tsirowa, kusan milimita 1 a rana, don haka tafiyar na da nisa, wani lokacin kuma ba ta cika.

Kai fa, me za ka gaya wa likita?

Gwajin ƙwayar gado yana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke da na'urar auna gudun jijiya ba. Amma abin da de Jong ya yi aiki da shi a 1947 yana hannun kowa: tambayar dangi. A wurarenmu siririyar ƙafa sai a ce shan inna ce, mutuwar yatsu a ce suga ce ko kuturta, kuma sau da yawa hakan ne. To amma in ka duba gidanku ka ga baba, da gwaggo, da yaya duk tafin ƙafarsu ya yi doro, silifas na fice musu ba su sani ba, suna yawan tuntuɓe, ɓalla maɓallin riga na ba su wuya, wannan labari ne da likita ke buƙata. Haka in ƙafarka ta taɓa yin makonni a sake bayan tsugunno a gona, ko wata 'yar uwa ta tashi daga haihuwa tana jan ƙafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Faɗa wa likitan barci tun kafin ranar aiki, ko da bai tambaya ba. Ba zai fasa yi maka aiki ba, shiri zai sauya.

Abu na ƙarshe, kuma ka riƙe shi da kyau. In an yi wa wani allurar baya, awanni suka wuce ƙafa ba ta dawo ba, ko ta dawo ta sake mutuwa, ko ga ciwon baya mai tsanani, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, kada a zauna ana cewa ai gadon gidansu ne. Yana iya zama jini ne ya taru yana danne laka, kuma wannan cikin 'yan awanni ake ceto shi. A kira ma'aikatan jinya nan take, ko da tsakar dare ne.